Tsakanin Jinga da Ijara: Abin da ke Fitar da Samarinmu daga Aikin Sayar da Filaye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya mai da ita mazauni ga bayinsa, ya halatta musu ciniki, ya haramta musu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen garinsa suka shaide shi da amana a kasuwa tun ba a aiko shi ba, da alayensa da sahabbansa da wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu wata ƙara ce da aka kawo mini. Wani dattijo daga cikin masu cika sahun farko a masallacinmu nan Maraɗi ya tare ni bayan sallar Asuba, ransa a ɓace, ya ce in yi wa ɗansa faɗa. Yaron ya ajiye aiki. Ya gama karatun boko ya zauna shekara biyu ba abin yi, sannan Allah ya buɗa masa ƙofa a wani kamfani na masu sayen gonaki a bakin gari su yanka su filaye su sayar. An ba shi riga mai sunan kamfani, da taswira, da kujera a biro. Bai cika shekara biyu ba ya mayar musu da rigarsu. Dattijon ya ce: "Liman, yaran yanzu ba su da haƙuri. Mu da muka yi shekara talatin a rumfa guda, rana da iska, ba mu mutu ba. Shi daga ya ji wuya sai gudu. Kuma ba shi kaɗai ba, abokansa uku da suka shiga tare duk sun fita."

Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. In mutum ɗaya ya faɗa rami sai a ce bai dubi gabansa ba. In huɗu suka faɗa wuri guda, sai a je a dubi hanyar. Ni ma kuwa na daɗe da lura cewa samarin da ke raba takardun tallar filaye a ƙofar masallaci ranar Juma'a ba sa daɗewa: wanda ka saba da fuskarsa kafin azumi, da wuya ka tarar da shi bayan babbar salla. Kamfanin yana nan, allonsa yana nan, yaran ne ke canzawa. Saboda haka na ce wa dattijon ya ba ni lokaci in ji ta bakin yaron. Da izininsu su biyu nake ba da wannan labari, ba tare da suna ba.

Sai dai kafin mu ji ta bakinsa, ya kamata a san irin kasuwar da ya shiga. Garuruwanmu sun kumbura cikin ɗan lokaci. Yamai da ba ta wuce mutum wajen dubu 30 ba lokacin samun mulkin kai a 1960, ƙidayar 2012 ta tarar da ita ta zarce miliyan ɗaya, Maraɗi kuma ta haura dubu 260. Gonakin geron da muka yi kiwon tsuntsu a cikinsu muna yara yau unguwanni ne. A farkon shekarun 2000 gwamnati da kanta ta biya wasu ma'aikata bashin albashinsu da filaye, mutane suka ƙara fahimtar cewa fegi kuɗi ne da ba ya ruɓewa. Malamin makaranta yana son fegi, mai tuwo-tuwo tana so, wanda ke biɗa a Libiya ko Abijan yana aiko da kuɗi a saya masa ya ga hotonsa ta WhatsApp. Inda buƙata ta yi yawa haka, ga takardu iri-iri, ta mai gari da ta meri da ta babban ofishin filaye, dole a sami masu shiga tsakani. Aikin yana da amfani, kuma asalinsa halal ne. Imam Buhari ya ware babi a kan ladan dillanci a cikin littafin ijara na Sahihinsa, ya ambaci manyan tabi'ai irin su Ibn Sirin da Aɗa'u da Hasan cewa ba su ga laifinsa ba. Kada wani ya fita daga nan ya ce Liman ya haramta dillanci.

Yaron ya zo bayan Isha'i. Ni na biya masa Ahalari da Ishmawi a makarantar dare, na san shi ba rago ba ne. Na ce: "Ɗana, nawa ake biyan ka a wata?" Ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce: "Allah ya gafarta Malam, ai babu wata a cikin lissafinmu." Ga yadda abin yake. Ƙarfe takwas na safe dole ya kasance a biro, in ya makara a yi masa faɗa gaban abokan aiki. Da yamma dole ya kawo sunaye da lambobin wayar waɗanda ya yi wa magana a ranar. Ba shi da izinin tallata filin wani in ba na kamfanin ba. Moton da yake yawo da shi nasa ne, isansi daga aljihunsa, kuɗin kira daga aljihunsa. Abin da zai samu shi ne wani kaso daga kuɗin fegin da ya sayar, shi ma ba ya shiga hannunsa duka sai mai saye ya gama biya, alhali ana sayarwa ne biya kaɗan-kaɗan, shekara biyu ko uku. In mai saye ya gaza a tsakiya, kamfani ya karɓe fegin ya sake sayar wa wani, la'adar yaro ta bi ruwa. Akwai watan da ya samu abin da ya ishe shi har ya yi wa mahaifiyarsa ɗinki, akwai wata uku a jere da bai ga ko dala ba.

To, ka sani ya kai ɗan'uwa, malamanmu na mazhabar Malikiyya sun san hanya biyu ta saka wa mutum a kan aikinsa, sun kuma shata wa kowace iyakarta. Ta farko ijara: ka ɗauki mutum na wani lokaci sananne a kan lada sananne. Lokacinsa ya zama naka, kana da ikon ka umarce shi ka hana shi, shi kuwa ladansa ya wajaba ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Mai Risala, Ibn Abi Zaid, ya kawo mas'alar a kan mai talla kansa: wanda aka ɗauka ijara don ya sayar da haja zuwa wani ajali, in ajalin ya cika bai sayar ba, ladansa cikakke ya wajaba. Ta biyu ji'ala, wadda muke kira jinga: ka ce wanda ya samo mini raƙumina da ya ɓata, ko ya sayar mini da wannan tufa, yana da kaza. Asalinta yana cikin Suratu Yusuf, inda aka yi alkawarin kayan raƙumi guda ga wanda ya zo da ma'aunin sarki. Mai jinga ba shi da komai sai aiki ya kammala. Amma a madadin wannan kasada shari'a ta bar masa wuyansa: ba a yanka masa ajali, kuma yana iya ajiye aikin duk sa'ad da ya ga dama, alhali wanda ya ba da jingar, da zarar an fara aiki, ba shi da ikon janyewa.

Dubi hikimar wannan rabo. Wanda aka ɗaure an lamunce masa abinci; wanda ba a lamunce masa ba an kwance shi. Abin da aka yi wa yaron nan shi ne an ɗauko igiyar ijara an ɗaura masa, an ɗauko yunwar jinga an haɗa masa. Da safe ma'aikaci ne, ana duba agogo a kansa. Ƙarshen wata kuma sai a tuna masa cewa ai shi ɗan kamasho ne, abin da ya kamo shi zai ci. Ban san wani babi na fiƙihu da wannan ƙulli zai shiga ba.

Akwai kuma wani sharaɗi na jinga da masu kamfani ya kamata su tsaya a kansa. Malamanmu sun ce ba a yin jinga a kan aikin da mai bayarwa zai amfana da shi ko da bai kammala ba. Shi ya sa suka bambanta haƙa rijiya a daji da haƙa ta a cikin gidan mutum: in mai haƙa ya gaji ya bari a gaba biyar, ramin daji ba ya amfanin kowa, amma mai gida ya sami gaba biyar a banza. In kuwa mai jingar ya ɗauki wani ya ƙarasa, na farko yana da rabonsa gwargwadon abin da ya yi. To, waɗannan sunaye da lambobi da yaro ke kawowa kowace yamma, ba rijiya ce a cikin gidan kamfani ba? Ya yi wa mutum magana sau goma, ya ɗauke shi a moto ya kai shi bakin gari sau biyu, mutumin ya ce sai ya sayar da wake. Yaro ya bar aiki a watan bakwai, mutumin ya zo biro da kuɗinsa a watan tara, ciniki ya faɗa, ba wanda ya tuna da mai haƙa na farko. Wasu iyayen gida ma sun gane cewa fitar yaran riba ce gare su, don haka ba su damu da riƙe kowa ba. Hadisi ƙudusi da ke cikin Buhari ya lissafa mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi aikinsa cikakke ya hana shi ladansa. Wanda Allah ne abokin shari'arsa, wane lauya zai ɗauka?

Ko shi kason da ake yankewa daga farashi, Imam Malik a cikin Muwaɗɗa bai yarda da shi ba, domin duk abin da ya ragu daga kuɗin haja ya ragu daga haƙƙin mai talla, ya zama bai san nawa aka yanka masa ba. Wasu malamai sun sauƙaƙa saboda al'ada da buƙata, ni ma ba na tsananta wa mutane a kansa matuƙar an faɗi kason a fili an rubuta. Na kawo shi ne don a ga yadda magabata suka ji tsoron mutum ya yi gumi a kan ladan da bai san adadinsa ba. Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba: dokar aiki ta 2012 tana ɗaukar duk wanda ke aiki ƙarƙashin umarnin wani don lada a matsayin ma'aikaci, mafi ƙarancin albashi kuma an ɗaga shi zuwa jaka 42 a wata. Amma yaron da ba a ba shi ko takardar ɗauka aiki ba, da me zai je wurin masu duba sha'anin ma'aikata?

Da na gama jin wannan sai na ce masa: "To, yunwa ce ta fitar da kai." Ya sunkuyar da kai ya ce: "A'a, Malam. Yunwa na saba da ita. Gwaggo ce."

Nan ne asalin maganar, ku ba ni hankalinku. Ranar da aka ɗauke su aiki, abu na farko da aka ce su yi shi ne kowa ya rubuta sunayen danginsa da maƙwabtansa da abokan karatunsa da mutanen masallacinsu. Da su ake farawa. Dalili kuwa a fili yake: ba mai miƙa wa baƙo kuɗin da ya tara shekara goma a kan wani zane a takarda. Fili ba goro ba ne da za ka ɓare ka ɗanɗana. Mai saye bai iya karanta taswira ba, bai san ko takardar ta gaske ce ba, bai san abin da wurin ke zama da damina ba. Abin da ya sani shi ne wannan yaro ɗan wane ne, a gabansa ya girma, ba zai cuce shi ba. Ashe abin da kamfani ya ɗauka haya daga yaron mutuncin gidansu ne, wanda ubansa ya tara shekara talatin a rumfa. Shi kuwa mutunci guzuri ne mai ƙarewa. Shekarar farko yaro yana sayarwa da sauƙi, ana yaba masa a biro. In ya gama zagaye dangi sai kasuwa ta tsaya, a fara ce masa ya yi sanyi, a ɗauko sabon yaro mai sabbin dangi.

Ƙanwar mahaifinsa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗiya, ta kwashi adashinta ta sayar da tumakinta ta sayi fegi a hannunsa, don ta bar gidan haya. Da rani aka kai ta ta gani, wuri shimfiɗaɗɗe, ga turakun siminti an kafa. Sai daminar 2024 ta zo, wadda ba wanda zai manta da ita: ruwan ƙarshen watan Agusta da ya ci rayuka ya rusa gidaje a Maraɗi, kwanaki kaɗan bayansa tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Da aka je duba fegin gwaggo, ko turakun ba a gani, tabki ne har yara na wanka. Kuma ba ruwan shekara guda ba ne da za a ce ƙaddara ce ta bana. Manoman wurin sun ce tun kakanninsu nan ruwa ke kwanciya. Abin mamaki, mu mutanen Maraɗi ne za a koya wa wannan? Garin nan da kansa ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashe shi daga kwari ta hau da shi tudu. Mutanen Yamai kuma sun ga abin da kogi ya yi wa unguwannin Harobanda a 2020.

Gwaggon ba ta je biro ba, ba ta san hanyarsa ba. Ba ta kuma gaya wa yayanta ba, don kada ta haɗa uba da ɗa. Ta zo ɗakin uwar yaron ta zauna, ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta tambaye shi aiki, ta sa masa albarka, ba ta ce uffan a kan fegi ba. Ya ce mini: "Malam, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi." Da ya kai maganar wurin ubangidansa sai aka ce masa ta yi haƙuri, za a duba in an yanka sabon wuri. Wata biyar ana dubawa. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai kamfani ba ya haɗuwa da gwaggo a wurin suna ko jana'iza. Yaron ne zai gan ta har ƙarshen ransa.

Dillalin da muka tashi muka tarar ba haka yake ba. Je ka kasuwar dabbobi ka gani. Dillali ya san bisar da yake sayarwa, ya buɗe bakinta ya ga haƙori, ya san mai ita da garinsu, in ta fito ta sata shi za a kama, ya kuma san haka tun kafin ya sa baki. Ga sarkin dillalai a kansu. Yana iya ce wa mai dabba: wannan ba zan sayar maka ba. Shi ya sa mutum ke tsufa a cikin sana'ar har ya bar wa ɗansa. Yaron kamfani kuwa an ɗora masa lamuni irin na dillali an hana shi sanin dillali. Bai ga takardar asali ta gonar ba, bai san ko magada duka sun yarda da sayarwa ba, bai san ko meri ta amince da yankan ba, in ya tambaya a ce ba huruminsa ba ne. Yana rantsuwa a kan abin da bai gani ba.

Ga kuma harshe. An ruwaito a cikin littattafan Sunan daga sahabi Ƙaisu ɗan Abu Garaza cewa su a Madina ana kiran su dillalai, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira su da sunan da ya fi wannan kyau, ya ce musu fatake, ya kuma gargaɗe su cewa ciniki ba ya rabuwa da yasasshiyar magana da rantsuwa, ya umarce su su gauraya shi da sadaka. Wannan a kan abin da ke kuɓuce wa mutum ne ba da nufi ba. Ina ga wanda ake koya masa ƙarya kamar karatu? Ka ce saura fegi biyu, alhali saura hamsin. Ka ce wani Alhaji ya taya da ƙari, in ba ka biya yau ba gobe ya tafi. Wannan kuwa ɗan'uwan najashu ne da aka hana a hadisin Buhari da Muslim, wato zuga farashi da tayin da ba na gaskiya ba. Ka ce baɗi za a kawo ruwa da lantarki, za a shimfiɗa kwalta. Yaron da ya ƙi faɗin waɗannan yana sayar da kaɗan, wanda ya faɗa yana sayar da yawa, ranar taro a tafa wa na biyu a kunyata na farko. Ƴan matan da ke wannan aiki kuma suna da nasu ƙarin bala'in, na tura su ofisoshin masu kuɗi da abin da suke ji a can, wanda ba sai na fayyace ba.

Kada masu saye su ji daɗi su ce laifin na kamfani ne kawai. A cikinmu nan, a wannan sahu, akwai wanda zai sa yaro ya yi mako uku yana yawo da shi a moto yana nuna masa gidaje, in ya ga wanda ya yi masa sai ya zagaya da dare ya sami mai gidan su ƙulla, don kada ya biya la'ada. Yana ganin wayo ya yi. Haƙƙi ne ya ci, kuma shi ne ke koya wa dillalai ɓoye sunan mai gida da ƙara farashi a asirce.

Ba kuma zan wanke duk mai fita ba. Akwai wanda ya shigo don ya ji an ce wane ya sayi mota cikin shekara guda, da ya ga ba haka ba ne sai ya tafi. Wannan maganar dattijo ta hau kansa daidai. Akwai wanda ya fita da kuɗin kafin alƙalami na mutane a aljihunsa. Akwai wanda ya kwashe sunayen masu saye ya je ya buɗe nasa teburin, yana yi wa wasu yara abin da aka yi masa. Akwai kuma masu kamfani na kirki, na san wasu, waɗanda ke biyan albashi ko kaɗan ne, suna nuna wa yaransu takardu, in fegi ya fito da matsala su canza wa mai shi ba tare da an kai ga jandarma ba. Abin lura shi ne yaransu ba su cika fita ba.

Tambayar da ta fi yi mini nauyi ita ce wannan: in duk yaron da ke jin kunyar gwaggonsa ya fita, wa zai rage? Sana'ar ba za ta mutu ba, mutane ba za su daina biɗar wurin zama ba. Za ta koma hannun waɗanda ba sa jin kunyar kowa, fegi guda a sayar wa mutum uku, a cika gidan shari'a da ƙararraki, a gadar wa ɗiya gaba. Alhali ƙasa ce ake magana, wadda hadisin Buhari da Muslim ya yi gargaɗin cewa wanda ya ci taƙi guda nata da zalunci za a rataya masa ita a wuya har ƙasa bakwai. Don haka ba na gaggawar ce wa kowane yaro ya fita. Wanda ke da ikon ya tsaya ya faɗi gaskiya, ya ce wa mai saye je ka ga wurin da damina, je ka meri ka tambayi lambar fegin kafin ka biya, kuma ubangidansa ya bar shi a kan haka, zamansa ya fi fitarsa alheri ko da samunsa kaɗan ne, haƙurinsa kuma ibada ne. Amma wanda aka sharɗanta masa ƙarya, ya zama ba ya cin abinci sai ya ruɗi wanda ya amince da shi, haƙuri a kan wannan ba shi ne haƙurin da aka yaba ba. Haƙuri ana yin sa ne a kan wahalar da ta same ka. Cutar da kake yi wa wani ba a haƙuri da ita, barin ta ake yi.

Saura hukuncin yaron kansa, domin shi ma bai fita fes ba. Na tambaye shi: "Ranar da ka kai gwaggonka, ba ka ga komai ba?" Ya yi shiru, sannan ya ce ya ga ƙasar baƙa ce mai tsagewa, ba irin jigawar da ke kewaye ba, zuciyarsa ta raya masa wani abu. Ya tambayi ubangidansa, aka ce za a yi magudanar ruwa. Ya karɓi wannan amsa don yana son ya karɓa, watan nan kuwa bai sayar da komai ba. Bai gaya mata abin da ya gani ba.

Malamanmu sun ce dillalin da ya bayyana cewa hajar ba tasa ba ce, ba a bin sa kuɗinta in aibi ya fito, mai haja ake bi. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an bambanta kuma game da la'ada: in mai haja ya san aibin ya ɓoye, dillalin da ba a haɗa baki da shi ba ba ya mayar masa da ladansa. Saboda haka kuɗin fegin yana wuyan kamfani, kuma kamfani ba ya bin yaron komai. Amma tsakaninsa da gwaggonsa akwai shakkar da ya haɗiye, ita kuwa ta saya ne da idonsa. Na ce masa abu uku ne a kansa: ya je ya gaya mata abin da ya gani ranar nan ya roƙi gafararta, la'adar da ya karɓa a kan feginta ya mayar mata, ko da kaɗan-kaɗan, kuma ajiye riga bai sauke masa nauyi ba, sai ya riƙe hannunta ya kai ta biron, ya tsaya a matsayin shaida, in ta kama a je gaban hukuma a je. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Washegari na kira dattijon, ɗansa yana zaune, na sa yaron ya maimaita labarin da bakinsa. Da aka zo kan ƙanwarsa sai ya ɗago ya dubi ɗan, ya dube ni, ya ce: "Ita ce ba ta gaya mini ba?" Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya tambayi nawa ne la'adar, ya ce shi zai biya rabi, ranar Litinin kuma da shi za a je biron. Yaron yanzu yana taya shi zama a rumfa. Har ranar da nake wannan rubutu ba a canza wa gwaggon fegi ba, ba a kuma mayar mata da kuɗinta ba. Sun je sau huɗu, an ce su dawo bayan salla.

Allah ne mafi sani.